Katin Wiwi a Zauren Surukai

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida iyayen Bilkisu, yarinyar da nake nema da aure, a Ƙofar Kuyambana ba.

Lokacin ina karatun lauya a harabar jami'a ta Kongo, malaminmu ya raba mana aikin kwatanta dokokin ƙasashe. Wani ya samu dokar gado, wani ta filaye, ni kuwa aka ɗora min dokar wasu ƙasashen waje inda ake ba marar lafiya kati ya sayi wiwi a matsayin magani, a ba mai jinyarsa nasa katin. Aikina in kawo dalilan da doka ta yarda a hana mutum wannan kati. Ni da ko turaren wuta sai ya sa ni tari.

Ina da wata ɗabi'a: karatu ba ya zama a kaina sai na mai da shi Hausa na faɗe shi da ƙarfi. Sai na ja abokina Sanusi gindin dalbejiya, muka kwaikwaya, shi jami'in ba da kati, ni mai neman kati. Ya ce babu takardar likita, na musa. Ya ce na yi ƙarya a fom, kuma mai jinyar nawa an taɓa ɗaure shi kan sayar da ƙwaya. Nan fa na miƙe ina dukan ƙirji (Allah ya ba ni murya, dabara ce dai ta yi ƙaranci):

"Wallahi sai an ba ni katin wiwina! Shekara nawa ina sha, yau za a ce ban cancanta ba?"

Ashe ranar ce Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyar Bilkisu, mai ɗinkin manyan riguna, ya zo binciken halina. Aka nuna masa ni daga nesa. Bai ƙara tambayar kowa ba, ya tari babur ya koma cikin gari.

Bayan kwana biyu na kafa hula, na fesa turare, na tafi gidansu Bilkisu. Na tarar da Alhaji mahaifinta da Kawu a zaure, suka amsa gaisuwata ciki-ciki. Can Kawu ya gyara murya.

"Yaro, an ba ka katin kuwa?"

Na ɗauka katin ɗan ƙasa yake nufi, don na daɗe ina zarya a kansa. Har daɗi na ji, wai ga dattijo mai kula da lamurana.

"Ai Kawu har yanzu, amma ba zan haƙura ba. Yanzu rayuwa ba ta yiwuwa sai da shi. Ita ma Bilkisu, da zarar an ɗaura aure ni zan kai ta ta karɓi nata."

Carbin Alhaji ya faɗi ƙasa. Kawu ya kama salati.

"Ka ji ko, Yaya? 'Yar tamu ma zai koya wa shan wiwi!"

Na buɗe baki, amma duk lauyancin ya gudu. Gumi har cikin takalmi. Abin da kawai ya fito shi ne, "Ai ta magani ce." Kun ji fa, ta magani ce!

Dariyar Bilkisu daga bayan ƙofa ce ta cece ni. Ita ta buga min aikin a kwamfuta, don haka ta yi sallama, ta durƙusa, ta miƙa wa Alhaji takardun tana toshe baki da mayafi. Ya sa tabarau ya daɗe yana bi layi-layi, sannan ya ɗago.

"Wato wanda ya yi ƙarya ba a ba shi? To ashe su ma da sauran hankalinsu. Kai kuma da za ka iya ƙarya, da ba ka tona wa kanka asirin da babu shi ba. Je ka turo magabatanka."

Kawu da hannunsa ya yi min aikin rigar ango, don ya wanke kansa.

Tun daga ranar, in babba ya jefo min tambaya, sai na sunkuyar da kai na ce, "Wanne daga ciki, ranka ya daɗe?" Mutane suna yaba min ladabi. Ba ladabi ba ne, wuya ce na sha.