Rasuwar Mai Ɗaki, Motar da Aka Toshe wa Hanci

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta fal, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, ni Malam Muntaka, tsohon malamin firamare na Gidan Tsamiya da ke hanyar Ɗambatta, a madadin iyalina da na yayana marigayi Sama'ilu Bakanike, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na kusa da na nesa, rasuwar motarmu wadda kowa ya sani da suna Mai Ɗaki. Ta cika ne ranar Lahadin da ta gabata bayan sallar la'asar, a kan hanyar Bici, tana bakin aiki, da amarya a cikinta. Shekarunta sun haura hamsin. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na san akwai masu dariya. Su yi abinsu, ni ma da a gidan wani abin ya faru da na taya su. Amma kafin su gama ina so su san abin da na rasa. Ba ƙarfe nake wa kuka ba. Muryar motar nan ita ce abu na ƙarshe da hannun yayana ya bari yana motsi a duniya, kuma yanzu ta yi shiru.

Marigayiyar 'yar asalin ƙasar Turawa ce. Wasu Turawa biyu masu yawon buɗe ido ne suka keto hamada da ita tun muna 'yan makaranta, ta gaji a kusa da Ɗambatta, suka bar ta a gidan wani mai sayar da hatsi da niyyar za su dawo. Har yau ana jiran su. Ta yi shekara talatin a bayan gidan nan, kaji suna ƙyanƙyasa a mazaunin direba, kafin Yaya Sama'ilu ya gan ta wata ranar kasuwa ya kasa wucewa. Da shanun huɗa biyu aka jawo ta garinmu, jama'a suna biye suna tambayar ko akurki ya sayo.

Ba irin motocin da kuka sani ba ce. A cikinta akwai gado mai naɗewa, da ɗan teburi, da kabad, da wurin ɗora risho, har da tagogi masu labule. Shi ya sa aka sa mata Mai Ɗaki, kuma matata Huseina, wadda ita ce ta fi cancanta da sunan, da kanta ta ɗinka mata sabbin labulen. Injinta a baya yake, ba a gaba ba. Ba ta da lagireto, ba ta taɓa shan ko cokali ɗaya na ruwa ba. Iska take sha, ta wasu 'yan tsaga-tsaga da ke gefenta biyu daga baya, waɗanda Yaya yake kira hancinta. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan maganar.

Shekara bakwai muka yi muna jinyarta kafin ta miƙe. Na ce muka, amma gaskiya aikina miƙa sifana ne da riƙe fitila da ba da shawarar da ba a nema ba. Yaya ne ya kankare tsatsa da hannunsa, ya yi wa ƙasanta walda, ya yi ta sintiri zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa yana tonon tarin tsofaffin ƙarafa saboda fistin guda ɗaya. Abin da ya rasa a kasuwa ya ƙera shi. Ya shafe ta da fenti kore daga ƙasa, fari daga sama, ta fito tsaf. Amma duk wannan ba shi ne abin alfaharinsa ba. Saitin injin ne.

Yaya ba ya saiti da na'ura. Yakan ɗora tsinin sukundireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Sai ya sa in zuba shayi a kofin gilashi in ajiye a kan teburin ciki, shi kuma yana murɗa sukurun kafireta kaɗan-kaɗan, yana tambaya ta ko shayin yana rawa. Wata uku muka yi a haka. Ranar da shayin ya tsaya cak injin yana aiki, ya zauna a ƙasa dirshan ya yi hamdala. Tun daga ranar muryarta ba ta sake ba: tif-tif-tif-tif, a natse, ba gaggawa, sannan bayan kowane bugu bakwai ko takwas sai ta yi wani ɗan “ihim”, kamar dattijo zai fara magana. Na ce masa wannan ai saura ne, a gyara. Ya ce, “Bar mata, Muntaka. Sa hannuna ke nan.” Duk wanda ya zauna da Yaya ya san haka yake gyaran murya kafin ya ce wani abu.

Halayenta na gari ba su ɓoyu ga kowa ba. Ba ta da girman kai: ta ɗauki liman, ta ɗauki taki. Ba ta taɓa wuce mai tafiya a ƙasa ba tare da ta rage gudu ba, ko da yake masu hassada suna cewa gudun ne dama ba ta da shi. Mata uku na garinmu sun haihu a kan gadonta kafin a isa asibiti, kuma dukansu suna raye. Ƙahonta ba ya firgita jaki, “fiif” kawai take cewa, kamar mai neman izini. Ƙofarta ta gefe kuwa, “garararar, ɓam”, ita ce agogon unguwa ranar kasuwa. Aibinta ɗaya da zan faɗa tsakanina da Allah: ba ta son giyar baya, sai an lallashe ta.

Shekara shida ke nan da Allah Ya karɓi Yaya. A kwanakinsa na ƙarshe ya bar mini wasiyya biyu. Kada in bar kowa ya taɓa sukurun nan, kuma duk ranar da Allah Ya kawo wa 'yarsa Asama'u miji, Mai Ɗaki ce za ta kai ta ɗakinta. Na ce masa in sha Allahu, ya kwantar da hankalinsa.

Daga nan aka shiga shekarun da kowa ya sani. Man fetur ya fi ƙarfin ɗan fansho, abinci ya fi ƙarfin mai noma shi. Muka ɗora Mai Ɗaki a kan duwatsu a ƙarƙashin rumfa, ta daina fita. 'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe suka yi ta sallama a ƙofar gida, ina korar su. Abu ɗaya ne ban fasa ba ko da za a kwana da kunu. Kowace Juma'a in na dawo daga masallaci nakan zuba mata ɗan mai a kwalbar magani, in tayar da ita minti biyar, in kife turmi a bayanta in zauna. Ba na magana, ba a yi mini magana. Huseina takan hana yara wucewa ta wurin, ta ce Malam yana gaisawa da yayansa.

Yanzu sai maganar ciwon ajalinta. Na ji ana cewa gurɓataccen mai ne. Wasu sun ce tsufa, wasu sun ce baki ne ya kama ta saboda yadda aka yi ta yabon ta ranar biki. Na gode wa masu neman rufa mini asiri, amma ba zan bari a ɗora wa mai ko tsufa laifin da ba nasu ba.

Daminar shekara uku da suka wuce ruwa ya kayar mana da rumbu. Hatsin da muka tsira da shi ba shi da wurin zama, sai muka jera buhunan gero da wake a cikin Mai Ɗaki. Ba a yi wata guda ba ɓeraye suka gano. A shekarar da tiya ɗaya take da daraja irin ta wancan lokacin, ba mai kallon ɓera yana cin rabonsa. Ni kuwa ɗan manomi ne, abin da na gada na sani: in ɓera ya shiga rumbu, sai a bi duk wata kafa a yaɓe ta. Na kwaɓa laka da kashin shanu mai kyau, irin wadda mahaifinmu ya koya mana, na bi Mai Ɗaki kafa-kafa. Da na zo kan tsaga-tsagan nan na baya, na ga ai babbar ƙofa ce. Na zura hannu can cikin lungu inda ido ba ya kaiwa, na cusa tsummokara, na bi da laka, na shafe sumul yadda ba za ta ɓata fenti ba. Har na ja da baya ina yaba aikina. Ɓeraye suka ragu, ni kuma na manta. Minti biyar na ranar Juma'a ba ya isa injin ya yi zafi, don haka ba ta taɓa kai ƙarata ba.

Da auren Asama'u ya zo, na yi mata duk abin da ake yi wa mai fita kunya. Aka kwashe buhuna, aka wanke ta ciki da waje, aka sauke ta daga kan duwatsu, aka ba tayoyi iska, na sake mata baƙin mai, na goge fulogi ɗaya bayan ɗaya. Lakar da ke ƙarƙashin ƙofofi duk na ɓanɓare. Ta hanci ce kaɗai ban tuna ba, ni da aka faɗa wa sau ɗari cewa iska take sha.

Ranar ana zafin bazara mai ƙona tafin ƙafa. Amarya tana kan gado a lulluɓe, gwaggwanninta da ƙawaye sun cika ko'ina, ni ina riƙe da sitiyari ina jin kaina kamar wani gwamna. Mun yi nisa sosai lafiya lau. Sai na ji “ihim” ɗin nan ya ɓace. Bayan shi bugun ya fara sauri, tif-tif ya koma kaf-kaf-kaf, wani wari kamar na tukunyar da ta ƙone ya shigo. Da na tsaya a lokacin, da wataƙila yau ba na wannan rubutu. Amma muna hango rufin gidajen garin ango, mata suna guɗa, na ce a raina, daure Mai Ɗaki, saura kaɗan. Ta daure iyakar ƙarfinta. Daidai wata gonar rogo ta yi “ƙarrr, ƙwas”, ta yi shiru.

Khalilu, wanda ya koyi aiki a hannun Yaya kuma yanzu yake da garejinsa a Bici, yana cikin masu rakiya a kan babur. Ya buɗe injin, ya ja baya saboda hucin. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya naɗe hannun riga ya zura hannu sama cikin lungu. Ya zaro busasshiyar laka, ya zaro tsumma. Tsohuwar rigata ce ta koyarwa, da tabon jan biro a aljihu. Ya dube ta, ya dube ni, ya dunƙule ta ya tura a aljihunsa kafin kowa ya gani. Da mutane suka tambaye shi, ya ce kwananta ne ya ƙare. Ni kaɗai ya raɗa wa, “Malam, injin ya buga. Numfashi ta rasa.”

Aka kawo wata mota don a ƙarasa da amarya. Asama'u, wadda tun safe ba wanda ya ji muryarta, ta yi magana daga cikin lulluɓi: “Baffa, Baba ya ce ita za ta kai ni. Ba zan sauka ba.” Abokan ango suka tuɓe manyan riguna, manoman da ke gefen hanya suka ajiye fartanya, aka sa mata hannu. Haka muka shiga garin, ina riƙe da sitiyarin gawa, ba a jin komai sai ƙarar tayoyi a kan yashi da nishin masu turi. Ta kai amarya har ƙofar gida. Ita ta cika alkawarinta. Ni ne na kasa riƙe amana, kuma kukan da na yi a wurin, mutane sun ɗauka na rabuwa da 'ya ne.

Marigayiyar ta bar tayoyi huɗu da safaya ɗaya mai fama da hawan jini, da batir da ya tsufa a hidimarta, da gado, da labule shida, da madubi guda, ɗan'uwansa ya riga ta tun shekarar da aka yi fari. Ta bar 'ya'yan garinmu uku da suka fara ganin duniya ta tagarta. Ta bar zuriyar ɓeraye masu yawa, waɗanda ba a gayyace su zaman makoki ba. Ta bar Asama'u, da Huseina, da ni.

Khalilu, Allah Ya saka masa da alheri, ya ce zai nemo wani injin ya ɗora mata, ya saita da hannunsa, ba zai karɓi ko sisi ba. Na gode masa, na ce a'a. Za ta tashi, za ta yi tafiya, amma da muryar wani za ta yi magana, ni kuma ba zan iya zama a bayanta ina sauraron baƙo ba.

Game da jana'iza, liman ya tunatar da ni cewa ba a yi wa ƙarfe salla, na kuma yarda da shi. Za a ɗauko ta daga ƙofar gidan ango ranar Asabar da hantsi, a rako ta gida a hankali, a ajiye ta a gabashin gonarmu inda ba za ta tare wa kowa hanya ba. Ba za a yanka ta ba, ba za a auna ta a sikeli ba, saboda haka 'yan gwangwan su huta da zuwa. Za a karɓi gaisuwa a zauren gidana kwana uku, daga safe zuwa azahar. Wanda ya zo, ya yi wa Yaya Sama'ilu addu'a, shi ne mai buƙata.

Roƙo ɗaya nake da shi ga jama'a. Na bi wayoyin ƙawayen amarya ɗaya bayan ɗaya, na kalli duk hotunan bikin masu motsi, amma guɗa ta danne komai. Idan akwai wanda ya taɓa ɗaukar ƙarar injin Mai Ɗaki a wayarsa, ko a kasuwa, ko a bakin asibiti, ko da cikin kuskure ne, ko da na daƙiƙa goma ne, don girman Allah ya zo mini da ita. Ni ban taɓa ɗauka ba. Na zaci kowace Juma'a zan sami Yaya a gida.

Sanarwa daga Malam Muntaka, ƙanin marigayi Sama'ilu Bakanike, Gidan Tsamiya.