Sakatar Bindigar Godi

"Lafiya lau, 'yar kawu," in ji Godi. "Ke fa? Na ga har yanzu kina nan da ranki."

"Ina jira ka riga ni ne, ɗan gwaggo, don in ga ko mutum uku za su zo jana'izarka. Goge takalmanka, nan ba garken shanunka ba ne."

Ina zaune a benci a kicin ɗin Dorli da safiyar nan. Madara na kawo mata, ta tsare ni da kofi, sai ga Godi ya shigo riƙe da hularsa. Uwar Godi da uban Dorli ciki ɗaya suka fito, kuma tun muna yara ban taɓa jin ɗayansu ya faɗa wa ɗaya magana mai daɗi ba. Ni Miggu maƙwabcinsu ne, nawa sauraro.

Na san abin da ya kawo shi. Kamar yawancin mazan zamaninmu a nan kwarin Emmental, da Godi ya gama aikin soja an bar masa bindigarsa, tana jingine a kabad bayan rigunan zuwa coci. A farkon hunturu matarsa Hedi ta rasu. Ranar jana'iza, mutane suna ƙasa suna cin abinci, Dorli ta hau bene ta zare sakatar bindigar, wato ƙarfen nan da ke tura harsashi, ta jefa a jaka ta tafi da ita gida. Bindiga in ba sakata, sanda ce kawai. Ba don wasa ta yi ba. Mun binne Kobi mai injin katako a shekarar da tasa matar ta rasu, kuma da bindigarsa ta soja ya kashe kansa. Yanzu ga watan Mayu ya kama, gasar harbi ta ƙauye ta matso, Godi kuwa bai taɓa fashinta ba.

Ya ce, "Na zo karɓar kayana."

"Wane kayan? In haƙoranka kake nema, ba a nan ka bar su ba."

"Kin san abin da nake nufi, ɓarauniya. Mace ta shiga gidan makoki ta fito da kayan soja a jaka."

"Au, wannan ƙarfen? Ai na sayar wa 'yan yawon buɗe ido. Na ce musu da shi kakanninmu ke buɗe kwalba."

"Ƙarya kike yi."

"To shi ke nan, ka kama ni. Na danne kabejin tsami da shi a tulu. Nauyinsa daidai."

Godi ya dafe bayan kujera. "A cikin ruwan gishiri? Dorli, kin san abin da tsatsa ke yi wa ƙarfe?"

"Kabejin dai ya yi daɗi bana. Miggu ya ci. Ko ba haka ba, Miggu?"

Na ce ni kofi nake sha.

Ya ja kujerar ya zauna. "Saurara, tsohuwa. Tun da na gaji gidan nan ɓarawo bai taɓa taka mini tsakar gida ba. Me kike tsammani ya hana su?"

"Sun leƙa ta taga ne suka ga abin da ke ciki. Wa zai hau tudun nan don ya saci rediyon da ba ya kama tasha, da kyanwa mai ido ɗaya? Ga Miggu nan, ya mayar wa soja tasa tun yana da gashi, ko ƙofa ba ya kullewa. Wa ya sace shi?"

"Tsoron tawa suke ji. Bindigata ce ke gadin unguwar nan baki ɗaya, har da ke, marar godiya."

"Tun Nuwamba ba ta da sakata, kuma unguwa na nan lafiya."

"Ai ɓarayin ba su sani ba."

"To bar su a haka. Ni ba zan faɗa musu ba."

Godi ya buga hularsa a gwiwa. "Ke ba ki san tarihi ba. Ba don kowane gida da bindiga ba, da tuni an tsallako duwatsun nan an kwashe mana shanu da cuku."

"In abokan gaba suka tsallako suka iske ka da wannan gwiwar taka, kafin ka kai saman bene sun sha kofi, sun huta, sun sa 'ya'yansu a makaranta."

"Ni kike faɗa wa haka? Ni da ban taɓa kuskure allon harbi ba?"

"Gaskiya ne, ba ka kuskure ba. Bara duk harsashinka ya shiga tsakiya, sai dai a allon Res da ke kwance kusa da kai. Har yau lambar yabon na rataye a falonsa, yana nuna wa surukai."

"Iska ce."

"Iska ce ta kaɗa maka ido."

Sai da na ajiye kofina don kada in ƙware. Ina wurin a ranar, kuma ko ganye bai motsa ba.

Godi ya sassauta murya, irin ta mai koya wa yaro karatu. "Dorli, duba ƙasar nan. 'Yan mata na hawa keke da bindiga a goye zuwa filin harbi, ba mai juyowa ya kalle su. Ina kika ji an fi mu kwanciyar hankali? Bindiga ba ta tashi da kanta ta yi wa kowa komai."

"Ta Kobi ma ba da kanta ta tashi ba."

Dorli ta ɗauko kofi ta zuba masa, ta tura masa sukari, ba ta dube shi ba.

Ta ce, "Faɗa mini, yaushe ka gane sakatar ba ta nan?"

"Na manta."

"Ba ka manta ba. Ka kira ni a waya ka zage ni tas, bayan Kirsimeti, ƙanƙara ta rufe hanya. Ba gasa a Janairu, kai kuma ba ka farauta. Me ka je nema a kabad?"

"Mai zan shafa mata."

"A Janairu."

"Bindiga na son mai kowane lokaci."

"Hedi ta sha gaya mini, shekara kake yi ba ka taɓa ta ba, sai ana gobe gasa ka bi gida kana neman tsumma."

Na yunƙura zan tashi, Dorli ta yi mini ido in zauna, na zauna. Godi ya daɗe yana juya cokali a kofin da sukarinsa ya riga ya narke.

Can ya ce, "Gidan ne ya yi shiru da yawa a lokacin. Na kan dafa abincin mutum biyu, sai na zuba sannan in tuna."

"Yanzu fa?"

"Yanzu jar saniyata ta haihu, ƙudan zuma sun fito, jikata ta ce a wurina za ta yi hutun bazara. Ba ni da lokacin mutuwa. Ko ina da shi ma ba zan yi ba, don kada ki ji daɗi."

Dorli ta ƙura masa ido, irin kallon da take yi wa kaza a kasuwa kafin ta saya. Sannan ta naɗe hannu.

"To ji. Ranar gasa zan zo da ita a jakata. In miƙa maka a bakin fili, ka kwanta ka harbi abin da Allah ya nufa, kana gamawa in karɓe abata."

"A gaban mutane? Maza su ga tsohuwa na zaro mini sakata daga tsakanin alewar tari da zaren saƙa? Res zai yi ta ba da labarin nan har ya shiga kabari."

"Ko haka, ko ka je da ita yadda take, ka saita allo ka ce 'fau' da bakinka."

"Har yaushe za a yi wannan wulaƙancin?"

"Har ka ƙetare wani hunturun ina kallo. Kuma kowace Lahadi a teburin nan za ka ci abincin rana, in ga ƙwayar idonka."

Godi ya juyo gare ni. "Miggu, kai shaida ne. Tun ɗazu take cewa bindiga ce ke da haɗari, yanzu ta yanke mini hukuncin cin girkinta duk Lahadi. Mijinta da ya yi wannan kasadar, yana ina yau?"

"Ya wuce tamanin, ya kuma rasu yana murmushi."

"Don ya san ya tsira."

Dorli ta ɗaga tsumman goge kwano za ta kai masa, ya kare kansa da hula, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har yana tari, ita kuma tana dukan bayansa da ƙarfin da ya wuce na taimako.

Da ya miƙe zai tafi, ta yanko rabin burodin nan namu mai kama da kitso ta naɗe a takarda ta cusa masa a hammata. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"'Yar kawu."

"Mene ne kuma?"

"In hunturu ya zo na dawo miki da zagi, kada ki ba ni sakatar."

"Ko da 'yan sanda ka zo," in ji Dorli. "Ja mini ƙofa, kana shigo mini da ƙuda."