Ranar da Na Bar 'Yan Kama da Yunwa a Kalmalo

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da bazarar da na kai Bature shan iska Kalmalo. Rabin waɗanda sunka ga abin sun riga mu gidan gaskiya. Ni ina nan, kunyar ma tana nan.

Lokacin ina masinja a Illela, a ɗan barikin da Nasara sunka gina bakin iyaka don su sa ido ga Faransawan Ƙwanni. (Masinja, in ba ka sani ba, ɗan aike ne da anka ɗora wa jar hula.) Karatuna bai kai ko'ina ba. Allo na bar shi a tsakiya, boko kuwa na ɗan leƙa a Sakkwato anka koro ni. Amma a gari ina barin mutane su ɗauka ni malamin ofis ne, kuma wanda na fi so ya ɗauka haka shi ne surukina, Malam Ummaru na Kalmalo. Dattijon nan ya ba ni ɗiyarsa ne don ubana amininsa ne, ba don ya ga wani abu a jikina ba. Abu guda nake nema a duniya lokacin: ya san ɗiyarsa tana gidan mutum.

Sai wani Joji, Baturen mulki da muke kira Mai Lofe, ya zo rangadi da mota, irinta ta farko da yawancin mutanenmu sunka taɓa gani. Ya ce kafin ruwa ya sauka hanya ta lalace yana son ya ɗan huta, ya zaga ya ga ƙasa, ya ga tsuntsaye, ya ga irin wasan da mutanen nan ke yi. Yana jin Hausa, irin ta littafi. Ya ce wa zai shirya. Kafin kowa ya buɗe baki na ce ni.

Na zauna na tsara abin kamar mai shirin yaƙi. Mu tashi da sassafe, mu ratsa gonakin da ake sharewa, ya ga gawo da tudun rairayi. Hantsi ya same mu bakin tabkin Kalmalo, don shamuwa ta fara isowa, ga dinya, ga gauraka, ga masunta kwance bisa gora. Daga nan 'yan kama su yi masa wasansu na barkwanci ƙarƙashin tsamiya, sa'an nan a ci abinci. Na lura Turawa sai sun ƙare sha'aninsu suke zama ga abinci, don haka na aika wa mai gari cewa kada a buɗe akushi ko ɗaya sai an tashi wasa.

Nan na kashe kaina. Kowa a ƙasarmu ya san ɗan kama ba ya buɗe baki sai ya buɗe akushi. Waƙarsu tuwo, addu'arsu tuwo. Wanda ya ƙosar da su shi suke yabo, wanda ya bar su da yunwa shi ne wasan ranar. Na san haka sarai. Na dai ga kamar tsarin Bature ya fi. (Kuma kada ka tambaye ni dalilin zaɓen Kalmalo. So nake Malam Ummaru ya gan ni na sauko daga mota.)

Ba mu yi nisa ba mota ta nutse cikin rairayi. Direba ya ce a tura. Na tuɓe babbar rigata na sa kafaɗa, motar tana tofa mini ƙasa da hayaƙi, Mai Lofe na zaune ciki yana duban tsuntsaye da madubin hangen nesa. Duk sa'ad da ya yi gyaran murya sai in rugo in durƙusa in ce, "Zaki!" Wasu masu jakuna sunka wuce mu, sunka riga mu isa da labarin. Sai bayan azahar munka shiga gari. Ban sauko daga mota ba, bayanta nake, fari fat da ƙura.

'Yan kama tun hantsi suna zaune suna shaƙar ƙanshin miya. Babbansu, wani ramamme da ake ce wa Gwanda, ya taro ni.

Ya ce, "Malam masinja, mi munka yi maka? Tuwo na kuka cikin akushi, mu muna kuka waje."

Na ce, "Sai an ƙare wasa. Haka tsarin yake."

Ya dube ni tun daga hula har ƙafa. "Tsari ko? To, Allah shi ba mu ikon bin tsari."

Anka taru. Mai Lofe bisa kujera, mai gari bisa darduma, Malam Ummaru kusa gare shi bisa buzunsa. Sai ɗan kama guda ya kife turmi ya hau, ya cusa karan dawa a baki, wai lofe. Gwanda ya ɗaura jan tsumma a ka, ya sa kafaɗa ga turmi yana nishi, ya faɗi, ya tashi, ya rugo gaba ya zube.

"Zaki! Mota ta ƙi, Zaki! In kwanta ta bi bisa bayana, Zaki? Ko in ɗauke ka in goya?"

Har yadda nake karkace wuya ya kwaso. Gari ya kece da dariya, mata na leƙowa ta bayan danga. Wannan duk da sauƙi, wasa ne, kowa ana yi masa. Da nan abin ya tsaya da na shanye.

Mai Lofe ya yi dariya har lofen ya faɗi. Ya share hawaye ya yafuto ni.

"Masinja, zo nan. Yi tare da shi, mu ga wa ya fi iyawa."

Ina iya cewa a'a. Ina iya yin kamar ban ji ba. Shekara da shekaru ina kwance ina jera amsoshin da ya kamata in ba shi. Amma ranar ƙafafuna ba su jira shawarata ba, sun saba. Na rugo, na durƙusa cikin ƙura kusa ga Gwanda, na ce, "Zaki."

Ba wanda ya yi dariya sai Baturen. Har kana jin kukan gauraka can bakin tabki. Gwanda kansa ya miƙe, ya kwance tsumman, ya koma gefe bai dube ni ba.

Da za mu koma na je sallama ga surukina. Na cire takalma zan durƙusa kamar yadda ya kamata, na ce, "Baba, za mu tahi."

Ya ɗaga hannu ya tsai da ni. "Bar shi, yaro. Gwiwag ga ta yi aiki yau. Tsaya tsaye."

Da zagina ya yi da na fi jin daɗi. Har ya bar duniya bai sake bari na durƙusa masa ba. Sauran surukansa su zube ƙasa su gaishe shi, ni in tsaya ƙiƙam kamar baƙo mai tambayar hanya.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba. Yau duk wanda ya ce mini yana son ganin tabki, da yatsa nake nuna masa hanya in koma zaure. Wanda kuma ya yi sallama ƙofata, kafin in tambayi sunansa nake cewa a kawo tuwo.