Rasuwar Ɗakina Na Jan Bulo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar ɗakina na jan bulo, wanda ke kusurwar gabas ta gidan nan. Ya cika ranar Talata da hantsi, bayan jinyar damina uku. Bangon arewa ne ya fara durƙusawa, sauran suka jingina da juna kamar tsofaffin da suka gaji da tsayuwa. Ba wanda ya ji ciwo. Har a ranar tafiyarsa sai da ya jira na fito tsakar gida.

Marigayin ya yi shekara arba'in da ɗaya a duniya. Ni na kwaɓa ƙasarsa, na buga, na gasa, uwar 'ya'yana tana ɗebo ruwa. Halinsa kuwa kowa ya shaida. Da rani yakan shanye zafin rana ya bar ni cikin sanyi, lokacin sanyi ya mayar mini da ɗumin da ya ajiye. Gara ta cinye rumfar katakon maƙwabcina tela har ƙusa, ta zo gindinsa ta juya. Shekarar da shagon kafinta ya kama da wuta, a bangon marigayin wutar ta tsaya, don shi ya riga ya ga wutar da ta fi ta. Bai taɓa neman fenti ba, bai taɓa kai maganar cikin ɗaki waje ba. Idan na ƙwanƙwasa shi da zobena, sai ya amsa, "ƙin, ƙin," kamar ƙaramar ƙararrawa.

Ciwon ajalinsa daga ƙauna ya fito, shi ya sa ba ni da wanda zan riƙe. Na kwanta asibiti aikin ido, babban ɗana ya ga bai dace ubansa ya dawo ɗaki tsirara ba. Ya sa aka shafe shi da filastar siminti ciki da waje, aka bi da fentin mai, kore shar. Na dawo da sababbin idanu, abin da suka fara gani ke nan. Ya ce, "Baba, ya ka ga ɗakinka? Ya zama na zamani ko?" Na ce Allah ya yi albarka. Me zan ce?

Tsohon maginin da ya gina shi ya zo duba ni, ya shafa bangon, ya girgiza kai. "Aboki, wa ya sa wa bulon nan rigar leda? Da ƙasa muka haɗa shi fa, numfashi yake yi." Haka kuwa aka yi. Danshi ya hau daga ƙasa, ya rasa hanyar fita. Fenti ya yi bororo, wani farin gishiri ya feso, muryarsa ta dishe. Na ƙwanƙwasa, ya ce, "dum." Daga baya ko wannan ya daina.

Ya rasu ya bar ƙofar ƙarfe ɗaya, taga biyu, ƙadangare mai guntun wutsiya da ya rasa matsuguni, da ƙanensa, ɗakin bulon siminti inda aka mayar da ni. Ba na zagin ƙanen nasa, amma da azahar tanderu ne, kuma ina jin tarin mai shagon da ke bayansa ta cikin bango. Ya kuma bar ni.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa 'ya'yana ba. Ranar da muke buga bulon, uwarsu ta taka guda ɗaya yana ɗanye, yatsun ƙafarta biyar suka fito. Magini ya ce a yar, na ƙi. Na gasa shi, na sa aka kafa shi a tsaye can ƙasan bangon arewa, bayan kan gado, sawun yana kallon ciki. Tun da ta rasu, shi nake shafawa kowace safiya kafin na sauko. Siminti ya rufe shi shekara uku. Yanzu yana cikin tarin ɓaraguzan nan, ban san ko da rai ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da sassafe, domin ɗana ya yi magana da mai tifa, da la'asar za a kwashe ɓaraguzan a cike wani rami. Auta ta ce, "Baba, bulo ne fa kawai." Na sani, 'yata, amma ki zo. Duk mai zuwa ya riƙo ƙaramar guduma, kada ya kawo babba. A ɓare siminti a hankali, a ƙwanƙwasa kowane bulo. Mai cewa "ƙin" a ajiye shi dama, wanda ya yi shiru a kai shi hagu, amma a juya shi tukuna a duba duka fuskokinsa. Wanda ya ga yatsu biyar, ko da uku ne suka rage, kada ya yi shela. Ina zaune a kujera bakin ƙofar da ba ta da ɗaki, ya kawo mini.