Wardi Biyar a Wurin Kuɓewar Inna

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanwata Hadiza ba, don a ranar ne na kunyata kaina a gaban mutanen gari biyu. Kuma tun yanzu in faɗa muku, ban tuba ba.

A shekarar ne na dawo ƙauyenmu da ke kusa da Makoda riƙe da takardar difloma a fannin noma, aka ɗauke ni koyarwa a sakandare. Kaina ya kumbura ƙwarai. Wata rana na shiga Kano na ga masu sayar da shuke-shuke a bakin titi sun jera 'yan dashen wardi cikin baƙaƙen ledoji, kowanne bai kai tsawon tafin hannu ba. Na sayi biyar, na rungumo su cikin kwali a motar haya, duk wanda ya matso sai in harare shi.

Matsalar ita ce wurin dasawa. A wajenmu babu ƙasar da ke zaman banza, daga bakin katanga gero yake farawa. Abin da ya rage kawai shi ne 'yar kusurwar bayan gida inda Inna, mahaifiyata, take shuka kuɓewa da yakuwa duk damina. Ita na roƙa.

Baba ya leƙa cikin kwalin ya ce, "A miya ake sa shi?"

Na ce, "Baba, fure yake yi. Don kyau da ƙamshi."

Ya ce, "To. Na ara maka wurin daga yau zuwa bikin Hadiza bayan kaka. In ya yi fure, wurin ya zama naka. In bai yi ba, ka mayar wa uwarka kayanta."

Inna dai ta kwashe irin kuɓewarta ta mayar cikin gwangwani. (Har yau in na tuna ƙarar murfin gwangwanin nan sai jikina ya yi sanyi.)

Na haƙa ramuka biyar, har da awon igiya. Na kankaro taki daga turken awakinmu na gauraya da ƙasa, na yaga ledojin a hankali don kada saiwa ta motsa, na dasa. Safe da yamma ina kai ruwa da buta, kaɗan-kaɗan a gindi, ban yarda ya taɓa ganye ba. Ko amaryar bana ba ta samu wannan tarairayar ba.

A mako na biyu akuyar Inna ta cinye guda biyu. Na fusata, na ɗauki adda na saro ƙayar magarya na kewaye sauran, kamar yadda kowa ke yi wa ƙaramar bishiya a gona. Na ukun gara ta cinye saiwarsa. Na huɗun kuwa ni na kashe shi da hannuna, na ga ya yi rawaya na ɗura masa takin zamani cikin tafi guda, ya ƙone ƙurmus. Saura ɗaya, shi ma ya zubar da ganye ya bar ni da ɗan tsinke a tsaye. A majalisa an riga an sa mini suna Malam Wardi. Na ci gaba da zuba wa tsinken nan ruwa, don taurin kai kawai.

Sai wata safiya na ga ɗan kore ya ɓullo daidai gindin tsinken. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Na ce ya farfaɗo daga saiwa! Bayan 'yan makonni har ya fitar da ƙaya. To wardi dai an san shi da ƙaya, me kuma ake nema? Ganyen ya ɗan bambanta da na farko, na lura da haka, amma na gaya wa kaina ai sabon toho ne, ya saba da ƙasarmu. (Mai difloma ba ya rasa bayani.)

Wata rana Inna ta tsaya a kaina ina sassauta masa ƙasa. Ta ce, "Ɗan nan, wannan abin naka fa..."

Na tare ta. "Inna, don Allah ki bar ni. Wannan ba kuɓewa ba ce, sai wanda ya karanta."

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ta wuce.

Tsiron kuwa ya yi ta girma, babu ciwo babu laulayi. Kafin a gama yankan gero ya kusa kai mini gwiwa. Fure dai babu, ga biki ya matso. Sai na ƙulla dabara: in na nuna shi a gaban baƙi suka yaba, Baba zai ji nauyin ƙwace wurin, ya ƙara mini lokaci.

Ranar ɗaurin aure dangin ango suka zo daga Kunci, mota biyu. Da aka shafa fatiha aka ci abinci, na gyara babbar rigata na ce akwai abin da ba a taɓa gani ba a ƙauyen nan. Mutum ya fi goma suka biyo ni bayan gida, har da Baba. Na tsaya na zuba lacca: yadda ake dashe, yadda ake ban ruwa, irin launin da furen zai yi. Har sunansa na kimiyya na faɗa.

A cikinsu akwai kawun ango, wani dattijo da ake kira Malam Sule. Ya tsuguna, ya tsinki ganye ɗaya ya juya bayansa. Sannan ya ɗauki busasshen reshe daga shingen ya kara kusa da tsiron. Ƙaya iri ɗaya, sak.

Ya ce, "Malam, Allah ya ƙara ilimi. A nan wardi kuke ce mata? Mu a Kunci magarya muke cewa. Takin akuya ka zuba, ko? To a ciki ƙwallon ya zo."

Wani ya yi tari. Sai Malam Sule ya ƙara da cewa, "Amma ka iya reno. Ban taɓa ganin wanda ya tsare magarya da ƙayar uwarta ba."

Nan dariya ta ɓarke, har mata suka leƙo ta katanga. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na juya wurin Baba na ce, "Ka sani?"

Ya ce, "Tun tana ganye huɗu."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Uwarka ta gwada. Aka ce mata sai wanda ya karanta."

Wurin dai ya koma hannun Inna, alkawari ne. Wata huɗu na hana ta miya don in yi renon abin da ke fitowa da kansa a kowane bakin gona. Na ba ta haƙuri, kuma wannan haƙurin daga zuciya ya fito. Da na ɗauko fartanya zan cire magaryar ta hana ni, wai a bar ta, ta sha wahalar karatu.

Amma in kuna jiran in ce na daina, za ku daɗe. Bayan mako biyu na koma Kano na sayo wasu biyar, na dasa a tsofaffin bokitai na ɗora kan bulo inda akuya da gara ba sa kaiwa. Uku suka mutu. Da damina ta zagayo ɗaya ya buɗe fure ja, ɗan ƙarami kamar murfin kwalba. Na ɗauki bokitin ɗungurungum na dire a gaban Baba. Ya sunkuya ya shinshina, ya daɗe, sannan ya ce, "Har yanzu dai ba a sa shi a miya." Amma bai ce in ɗauke ba, a ƙofar ɗakinsa bokitin ya kwana.

Sunan Malam Wardi ya bi ni har makaranta, kuma ina amsawa da ƙarfi. Abu ɗaya kawai na canza. Yanzu duk abin da ya tsiro a bokitina, ko da da ƙaya ya fito, ba ya shan ruwana sai Inna ta zo ta duba takardunsa.