Faifan da Aka Shafa wa Man Shanu

"...lafiya lau, sai gajiyar mota. Kai fa, yaya talauci?"

"Yana gaishe ki. Ya ce tun ranar da na aure ki yake kwana a ɗakina."

Haka Abdulbaƙi da kakarsa Hindatu suke gaisawa, kuma duk ranar da aka ji sun gaisa da ladabi, to a tabbata ɗayansu ba shi da lafiya. Da hantsin Asabar ta sauka a ƙofar ɗakinsa a Dutse Alhaji, ta taso tun daga rugarsu ta bayan Dei-Dei, da ɗan ƙunshi a hammata. Ko ruwan da ya miƙa mata ba ta sha ba ta zauna ta fara kwance shi. Tsumma uku ta warware kafin faifan bidiyo ya bayyana.

Abdulbaƙi ya san faifan. Na bikin sunansa ne, shekara ashirin da uku da suka wuce, kuma shi kaɗai ne abin da ya rage a duniya mai ɗauke da fuska da muryar kakansa Bappayo. Na'urar kallon gida ta ƙone tun da daɗewa, ba a sake saye ba. Ga idon tsohuwa ya fara hazo, bana ya fi bara. Ya gane abin da ya kawo ta, har tausayinta ya kama shi, amma ya san in ya nuna, sai ta tattara tsummanta ta koma. Bafulatanar da ta yi shekara arba'in da miji ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba yau za ta ce ta yi kewarsa ba.

"Wa za mu kalla a ciki, amarya? Ko tsohon mijin ne ya faɗo miki a rai?"

"Allah ya sawwaƙe. Saniyata Wule nake son gani, mai farin goshi. Tana ciki."

"Saniya kawai?"

"To da wa? Kai ma kana ciki, amma ranar nan kamar ɓeran da ya faɗa randa kake, ba abin kallo ba ne. Buɗe kwamfutar taka."

Ya ɗauko kwamfutarsa ta cinya, siririya kamar littafin ɗan firamare. Hindatu ta karɓa, ta jujjuya ta, ta bi gefenta da ɗan yatsa ta dawo.

"Ina bakin?"

"Ba ta da baki. Na zamani ba sa cin faifai."

"An cuce ka. Wa ya taɓa sayen akuya ba baki? Dama na faɗa, mijin da ba ya iya cefanen daddawa ba zai iya sayen inji ba."

"Ai akwai bakin da ake sayowa daban, a jona mata da waya."

"Bakin aro? Kamar haƙoran Alhajin Nyanya, a cire da dare a jiƙa a kofi?"

"Ke da ba ki da ko na aron fa?"

"Guda huɗun nan sun ishe ni cin naman sadakarka. Tashi mu je."

Shagon Madam Justina yana cikin layin masu gyaran waya, ɗan ƙarami ne, cike da caja da linzamin kwamfuta har rufi. Justina 'yar Filato ce, ta san Abdulbaƙi, kuma Hausarta irin ta Abuja ce, wadda ba ta damu da raba mace da namiji ba.

"Oga Abdul, sannu. Wannan mamanka ne?"

"Matata ce. Na yi rashin sa'a."

"Ƙarya yake, 'yata," in ji Hindatu. "Tsintar sa na yi a juji, na rasa mai karɓa."

Justina ta yi dariya, ta fito da kwali biyu ta buɗe a kan tebur. Na farko fari ne, ƙyal-ƙyal, da tsaga a gaba. Na biyu baƙi, ya ɗan fi kauri. Idon Abdulbaƙi ya tsaya a kan farin, don ya dace da launin kwamfutarsa, kuma shi mutum ne mai son a gani a yaba.

"Wannan za mu ɗauka."

"Tsaya tukuna, sarkin gaggawa. 'Yata, ta ina faifai yake shiga wannan?"

"Za ki tura shi nan, Mama, sai ya jawo shi ciki da kansa."

"Ya haɗiye?"

"E, in an gama ya fito da shi."

"In ya ƙi fa?"

Justina ta ɗan sosa kai. "Sai a kai wurin mai gyara, ta kwance."

"To ba da ni ba. Abin da ke haɗiya ba a ba shi ajiya. Shi ya sa ban taɓa ba wa wannan yaron riƙon fura ba."

"Furar taki da sai an yi addu'a kafin ta wuce maƙogwaro?"

"Da ita aka raine ka, ga shi har ka yi wuyan zagina."

Justina ta danna maɓallin baƙin, sai ɗan tire ya turo kai waje. Ta nuna mata inda ake ɗora faifai, ta kuma nuna wani ɗan rami kamar kafar allura, ta ce ko wuta ta ɗauke, ko inji ya yi gardama, in aka zura tsinke a nan tiren zai buɗe. Hindatu ta ɗauki injin ta auna nauyinsa a tafin hannu. Ta kai shi kunne ta ƙwanƙwasa da farce, yadda take yi wa ƙwarya a kasuwa don ta ji ko da tsagu. Sannan ta leƙa cikin tiren kamar mai duba haƙoran bijimi.

"Wannan yana da kunya. Yana karɓa da hannu, yana mayarwa da hannu."

"Baƙi ne fa, mummuna."

"Kai ma haka aka karɓe ka, ba a mayar ba."

Abdulbaƙi ya duba kwalin, ya tabbata yana karanta faifan DVD ba na waƙa kaɗai ba, sannan ya ja wayar ya gwada a jikin kwamfutarsa. Kan wayar ya yi wa ramin girma. Ya juya shi, ya sake juyawa, gumi ya fara tsattsafo masa.

"Ka ga ɗan boko," in ji Hindatu. "Shekara goma sha shida a makaranta, ya kasa zura zare a allura."

Justina ta zaro wayar daga ƙarƙashin injin, ashe kai biyu gare ta, babba da ƙarami. Ƙaramin ya shige daidai. Wata 'yar fitila ta kama, injin ya yi ɗan gurnani. Abdulbaƙi ya ce tunda ga shago ga mai shago, gara a gwada a nan, gani ya kori ji. Hindatu ta miƙa faifan da hannu biyu. Ya karɓa ya ɗora a kan tiren.

Tire ya shige. Injin ya juya, ya yi ƙara, ya yi shiru. Ya sake juyawa, ya sake shiru. Fuskar kwamfuta ba ta nuna komai ba.

Sau uku ana fitarwa ana mayarwa. A na ukun ma hoto bai fito ba. Tsoro ya kama Abdulbaƙi sosai. In faifan nan ya mutu, muryar tsohon ta tafi ke nan, babu wani kwafi a ko'ina.

Justina ta ɗaga faifan ta kalli bayansa a haske. Ta shafa da yatsa, ta kai hanci.

"Mama, me ya taɓa wannan? Yana ƙanshin abinci."

"Ba abin da ya taɓa shi. Ni nake kula da shi da kaina. Duk shekara in iska ta bushe sai na shafa masa man shanu, kada ya tsage."

Abdulbaƙi ya dafa tebur. "Man shanu? A faifai?"

"Ƙoren da na gada wurin uwata da me suka kai yau? Ka taɓa ganin ɗaya ya tsage?"

"Shekara nawa kina yi masa wannan hidimar?"

"Tun da wancan ya tafi. Tara."

"Ashe ba kallo ya kamata mu yi ba, tuwo za mu tuƙa mu saka shi a miya."

"Rufe min baki. Injinku ne ragon banza, bai saba da maiƙo ba, irin mai shi."

Tabarmar kunya dai da hauka ake naɗe ta, amma muryarta ta yi ƙasa. Ta juya wajen Justina ta tambaya a hankali ko ta kashe shi ne. Justina ta ce a bari a gani. Ta kawo ruwa a roba da ɗigon sabulun wanke-wanke, ta wanke faifan da tafin yatsa, sannan ta samo ƙyalle mai laushi tana gogewa daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Sai da aka canza ruwa sau biyu. Hindatu tana tsaye a kanta kamar mai jiran unguwar zoma.

Aka mayar da faifan. Injin ya juya, ya ɗauki gudu, bai tsaya ba. Sai ga rugar Dei-Dei ta wancan zamani, lokacin da babu gidajen bulo a bayanta, ga mutane a kan tabarmi, ga hayaƙin girki. Hoton yana ɗan tsalle, amma ana gani. Hindatu ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Ga ka nan. Dubi kai kamar goran nono. Na ce ba abin kallo ba ne."

"Wace ce waccan mai harara a bayan bukka? Ashe tun kina da haƙora ba ki da fara'a."

"Kishi kake, don ka ga..."

Ba ta ƙarasa ba. Wani dogon tsoho ya shigo hoton, da malfa da sanda a kafaɗa, yana jan karsana mai farin goshi. Ya tsaya, ya gyara murya, ya yi dariyar nan tasa mai kama da tari. Justina ta juya ta shiga jera cajar da take a jere. Abdulbaƙi ya ƙara sauti.

"Jama'a ku shaida," in ji Bappayo daga cikin kwamfutar. "Wannan karsana, Wule, ta jaririn nan ce, ita da duk abin da za ta haifa. Ke mai ƙwarya, na ga kina leƙe. Riƙo na ba ki, ba kyauta ba. Kada ki shanye wa yaro nono."

Mutanen cikin hoton suka fashe da dariya. Hindatu ta ja bakin mayafi ta goge ido, ta ce fankar shagon nan tana da ƙura. Abdulbaƙi ya juyo ya dube ta. Bai kuwa yi mata da sauƙi ba, don ya san ba sauƙin take so ba.

"Madam Justina, kin ji da kunnenki ko? Saniyata. Shekara ashirin da uku ana ce min saniyarta."

"Na ji, oga. Baba ta faɗa."

"Injin nan maƙaryaci ne," in ji Hindatu. "Da ma farin muka saya."

"Ke kika ƙwanƙwasa, kika ce yana da kunya. Wule ta haifi nawa?"

"Ban ƙirga ba. Ba a ƙirga shanu, sai su ƙare."

"Har man da kika shafa wa faifan ma nawa ne."

"To ai kanka na yi wa hidima."

Ya ce zai kwafe bidiyon a kwamfuta, ya saka mata a katin waya, ta riƙa ji a ruga duk lokacin da ta so, ba sai ta nemi bakin aro ba, kuma katin waya ba ya son mai. Ita kuwa idonta yana kan gilashin, inda hoton ya riga ya wuce wurin masu rabon nama.

"Mayar da shi baya."

"Wurin saniyar? Bari in tsayar miki daidai goshinta, in cire sautin, tunda ita kika zo gani."

Ta ɗaga hannu kamar za ta kai masa duka, sai dariya ta ƙwace mata, haƙoran nan huɗu duk a waje, hawaye na bin kumatu.

"Ɗan banza, ka ci. Jikanyar Wule tana nan da ciki, ka zo ranar Juma'a ka kama igiyarta. Yanzu bar saniyar. Mayar min wurin mai jan ta, ka ƙara murya."

Abdulbaƙi ya mayar, ya ƙara sautin har ƙarshe, sannan ya jawo mata kujera.