Ranar da Na Sa wa Talakar Turai Leshi

Har na koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da wasan makarantar su 'yata Husna ba. Lokacin muna ƙasar waje, muna zaune a unguwar Titiwangsa, Abbanta yana karatun digirinsa na uku a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, ni ina gida da tukunya da keken ɗinki.

Husna tana shekara tara, yarinya ce mai kunyar da ko suna aka kira a aji sai ta ɗaga yatsa ta yi shiru. Rannan ta dawo da gudu. "Umma, Cikgu ta ba ni magana a wasa! Ni serf ce!" (Cikgu haka suke kiran malama.)

Ta zaunar da ni ta yi mini karatu. Wai a Turai ta dā, sarki ke da ƙasa, ya yanka wa manyan iyayen gida, su kuma su ba barade masu sulke, kowa ya durƙusa ya yi wa na sama da shi rantsuwar biyayya. Can ƙasa sai serf ɗin, wato manoman da ke ɗaure da gonar ubangidansu, ba a sayar da su a kasuwa, amma ba su da ikon tashi su bar ta. "Tsohon buhu kawai zan sa, Umma."

Buhu! A gaban jama'a! Mu a gidanmu ko aiken yarinya aka yi gidan biki sai an sauya mata zane. Na ce a raina sai a ce ubanta ya kasa. Washegari na nufi Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin 'yan yadi, na zaɓo leshi ruwan zuma mai duwatsu, na ɗinka, har lalle na yi mata. Abbanta ya ce, "Maman Husna, kin kuwa tambayi malamar?" Na ce, "Manomi ma ai yana da kayan sallah." Husna ta buɗe baki, ta kalle ni, ta rufe. (Allah Ya yafe mini, na ɗauka murna ce.)

Ranar wasa ga sarki da hular kwali, ga barade, ga manoma cikin buhuna. Sai ga tawa ta fito tana walƙiya, ta fi matar sarki nesa ba kusa ba. Ta durƙusa gaban yaron da ya fito a matsayin ubangidanta, ta ce: "Ranka ya daɗe, ba mu da komai sai tsumman nan na jikinmu."

Ɗakin ya fashe da dariya. Maƙwabciyata Maman Joy, 'yar Jos, ta zunguro ni tana share hawaye: "Maman Husna, in haka talaucin yake, don Allah a sa sunana." Ni kuwa ƙasa nake roƙo ta tsage. Amma da na ga leɓen Husna na karkarwa, kunyata ta gudu, tsoro ya maye gurbinta. Na san in ta sauka tana kuka, bakin nan ya rufu ke nan.

Sai Cikgu ta ɗauki abin magana, fuskarta ko gezau. Ta ce a wancan zamanin akwai dokar da ta hana talaka sa tufar manya, to ubangida, me za ka yi? Yaron ya daka tsawa, barade biyu suka rugo suka zura wa Husna buhu ta ka. Sai ga kanta ya leƙo, ɗankwali a karkace, tana ƙyalƙyala dariya. Ta maimaita maganarta da ƙarfi, ta kai har ƙarshe, aka yi ta tafi.

Da aka tashi na je ina ta ba Cikgu haƙuri, ta riƙe hannuna ta ce, "Boleh lah," wato ba komai, "yau sun koyi doka ɗaya kyauta." Har yau baiwar Allahn nan tana cikin addu'ata.

A tasi Husna ta jingina da ni ta ce, "Umma, buhun ya fi iska." Tun daga ranar, in yaro ya ce buhu, buhu nake kakkaɓewa in miƙa. Leshin kuwa ya jira sallah, kamar na kowane manomi.